Yadda manaja zai riƙe mutuncin aikinsa bayan aikin ya fice masa daga rai

Tambayar nan tana yawan zuwa daga masu karatu, kuma kusan kullum fasalinta ɗaya ne: an ba ni shugabancin reshe, ko sashe, ko shago, akwai mutane a ƙarƙashina, amma aikin ya ishe ni, barinsa yanzu ba zai yiwu ba, to yaya zan yi kada in zubar da girmana kafin Allah ya kawo mafita? Ƙaramin ma'aikaci idan ya gaji da aiki, galibi kansa kaɗai yake cutarwa. Manaja kuwa hutun wasu, da ƙarin girmansu, da alawus ɗinsu, duk a kan teburinsa suke bi. Saboda haka abin da wannan jagora ta sa a gaba shi ne a ɗora aikin bisa tsarin da zai tafi daidai ko ranka ya so ko bai so ba, sannan a sa ranar da za a yanke shawarar zama ko tafiya. Dokokin da aka ambata na Najeriya ne. Maganar kuma ta shafi manaja namiji ko mace.

Kayan da za ka tanada: littafin rubutu ƙarami wanda da kuɗinka ka saya, kwafin takardar ɗaukarka aiki, kundin dokokin ma'aikata na wurin, bayanin asusunka na fansho na watanni shida da suka wuce, da mutum ɗaya mai riƙon sirri wanda ba a wurin yake aiki ba.

1. Gano ainihin abin da ka tsana

“Ba na son aikin nan” magana ce mai faɗi, ba a iya yi mata magani. Ka ɗauki mako biyu, kullum bayan an tashi ka rubuta layi uku: me ya fi ɓata maka rai yau, da ƙarfe nawa, kuma wa ke wurin. Kada ka yi sharhi, ka rubuta abin da ya faru kawai. Idan mako biyun sun cika ka karanta gaba ɗaya. Yawanci za ka ga abu ɗaya ko biyu ne suke ta maimaituwa: ko maigidanka ne da yadda yake maka magana a gaban mutane, ko adadin cinikin da hedikwata ta ɗora wa reshe wanda kowa ya san ba zai samu ba, ko albashin da bai kai nauyin kujerar ba, ko kuma shugabancin mutane ne kansa ba ka so, domin an ɗauko ka daga aikin hannu da ka ƙware a kai aka zaunar da kai kana sasanta rigima da cike takardu. Akwai kuma wanda ba aikin ya tsana ba, gajiya ce ta shekara biyu ko uku babu hutu.

Kowanne maganinsa daban. Matsalar maigida ana iya rage ta da canjin sashe. Gajiya hutu take so. Wanda shugabanci ne bai karɓe shi ba, ko ya koma wani kamfani a matsayin manaja abin zai bi shi.

Gargaɗi: kada ka rubuta wannan a kwamfutar ofis, ko imel ɗin ofis, ko wayar da kamfani ya ba ka. Kayansu ne, suna iya dubawa. Littafin ma a gida zai riƙa kwana.

Gargaɗi na biyu, kuma ya fi na farko nauyi: idan abin da ya bayyana shi ne ana sa ka ƙara sifili a rasit, ko ɓoye wa masu binciken kuɗi wani abu, ko danne haƙƙin ma'aikata, to wannan ba ƙin aiki ba ne, kuma haƙuri ba maganinsa ba ne. Ka tsallaka kai tsaye zuwa mataki na 7 da na 9, ka kuma nemi lauya.

2. Rubuta abubuwan da ba za su taɓa faɗuwa ba

Wanda aiki ya fice masa daga rai ba ya lalacewa rana ɗaya. Yau ya makara minti ashirin, gobe ya bar fayil ya kwana, jibi ya ce a gaya wa mai neman sa ba ya nan. Kafin wata uku mutane sun sauya masa suna. Hanyar tare wannan ita ce ka fitar da ƙaramin jeri, kada ya wuce abu shida, na ayyukan da za ka yi ko da ranka a ɓace yake. Ga misalin da ya dace da yawancin wurare:

Shiga ofis minti goma kafin lokacin da ake buɗewa.
Duk takardar da ta shafi haƙƙin wani, kamar hutu, alawus, kuɗin ƙarin lokaci ko rance, ba ta wuce awa 48 a teburinka.
Rahoton mako ko na wata ya tafi ranar da aka sa, ko da ba shi da daɗin karantawa.
Saƙon maigida da na abokin ciniki su samu amsa a ranar, ko da amsar ita ce “na gani, zan dawo maka ranar Laraba”.
Ba ka ɗaga murya a kan kowa a gaban mutane.

Ka lura babu “ƙwazo” ko “sadaukarwa” a jerin. Waɗannan ba a iya auna su, kuma wanda ya gaji zai yi ta yi wa kansa uzuri a kansu. Kowane abu a jerin amsarsa e ce ko a'a. Duk ranar Juma'a ka duba, ka sa alama. Idan abu ɗaya ya faɗi mako biyu a jere, to ka san inda ɓarakar ta fara.

Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne cika jerin da abu goma sha biyar saboda jin kunyar kai. Ba zai ɗore ba. Wannan jeri ƙasa ce da ba a faɗawa ƙarƙashinta, abin da ya ƙaru a kai nafila ne.

3. Tsara mako bisa ƙarfinka na gaskiya

Aikin da ka fi ƙi, ka sa shi da safe, tsakanin buɗe ofis da ƙarfe goma sha ɗaya, kafin rana ta yi zafi kuma kafin mutane su cika maka ofis. Idan ka tura shi bayan azahar zai kwana. Ayyukan da suke cin rai amma ba sai kai ba, kamar haɗa alƙaluman rahoto ko tsara jadawalin masu aikin dare, ka miƙa wa mataimakinka, ka nuna masa yadda ake yi, ka kuma ambaci sunansa idan aikin ya yi kyau.

Gargaɗi: akwai bambanci tsakanin wakilta aiki da jibge wa wani kayanka. Sa hannu a kan kuɗi, ladabtar da ma'aikaci, da amsa tambayar hedikwata idan an samu matsala, waɗannan naka ne. Manajan da ya tura mataimakinsa ya sha faɗan da shi ya kamata ya sha, ya gama zubar da girmansa a wurin.

4. Abin da za ka faɗa wa na ƙasa da kai, da abin da za ka haɗiye

Nan ne aka fi faɗuwa, don haka za mu daɗe a kai. Mutanen da ke ƙarƙashinka su ne ka fi gani kullum, wasu ma tare kuka fara aiki kafin a ɗaga ka, saboda haka baki yana saurin suɓucewa a gabansu. Ana zaune ana cin abinci sai ka ce, “Wallahi ni ma na gaji da wurin nan.” Kai a ganinka hira ce. Su kuwa labari ne: oga ma ya gaji. Wanda yake ƙoƙari zai sassauta, wanda yake neman dalilin makara ya samu, wani kuma zai kai maganar sama, ba lallai da mugun nufi ba. Daga ranar, duk lokacin da ka ce a ƙara himma, maganarka ba ta da nauyi.

Dokar ita ce, koke sama yake tafiya ko waje, ba ya gangarowa ƙasa. Sama wurin maigidanka, waje wurin mutumin nan ɗaya da ka tanada.

Wannan ba ya nufin ka yi musu ƙarya. Ma'aikata suna gane manajan da yake yabon abin da bai yarda da shi ba, kuma suna raina shi. Idan hedikwata ta aiko da umarnin da kai ma kake ganin bai dace ba, misali a ƙara awa ɗaya ranar Asabar, ko a rage kuɗin mota, ka isar da shi a sassa uku. Na farko, abin da aka yanke da ranar da zai fara. Na biyu, dalilin da aka bayar, kamar yadda aka bayar. Na uku, abin da ke hannunka: “Na san wannan zai takura wa masu zuwa daga nesa. Na rubuta musu haka, kuma zan sake tayar da maganar a taron ƙarshen wata. Kafin nan, ga yadda za mu raba ranakun don kada nauyin ya faɗa kan mutum biyu.” Ba ka yi ƙarya ba, ba ka kuma zagi na sama ba. Abin da ba za ka ce ba shi ne, “Ku yi haƙuri, mutanen can ba su san abin da suke yi ba.” Daɗin wannan magana na minti biyar ne. Bayan haka ka zama ɗaya daga cikin masu gunaguni, alhali gobe kai ne za ka tilasta bin umarnin.

Idan wani ya tambaye ka kai tsaye, “Ranka ya daɗe, kwana biyu kamar ba ka jin daɗi, lafiya?” ka gode masa, ka ce aiki ne ya yi yawa, ka juya maganar zuwa nasa aikin. Ya wadatar.

Ka ware wa kowane ma'aikaci da ke amsa umarni kai tsaye daga wurinka minti goma sha biyar, sau ɗaya a mako biyu, ku zauna ku biyu. Tambaya uku: me ka gama, me ya tsaya, me kake buƙata daga wurina? Ka rubuta abin da ka ɗauki alkawari, ka cika kafin zama na gaba. Manajan da ya gaji yakan fara da ɓuya a ofis da rufe ƙofa, kuma wannan zama shi ne yake hana hakan.

Gargaɗi: rukunin WhatsApp na ma'aikata ofis ne. Kada ka saka habaici a can, ko a kan shafinka na Facebook, ko a “status” ɗin da kake ɗorawa a waya. Rubutun da ka goge bayan minti biyu, wani ya riga ya ɗauki hotonsa.

5. Ladabtarwa: kada a yi ta ranar fushi

Hausawa suna cewa haushin kaza, huce kan dami. Manajan da aka ci wa mutunci a waya da safe, da rana masinja ko kashiya ne suke biya. Don kauce wa wannan, ka sa wa kanka ƙa'ida: ba ka rubuta takardar tuhuma, ba ka dakatar da kowa, ba ka cike takardar auna ƙwazon ma'aikaci a ranar da ranka ya ɓaci. Ka bari a kwana. In laifin na gaggawa ne, kamar sata ko faɗa, ka raba mutumin da wurin, ka rubuta abin da aka gani da sunayen shaidu, hukuncin ya jira gobe.

Idan za ka rubuta, ka bi tsarin da ke cikin kundin dokokin wurin: a faɗi laifin da rana da lokaci, a ba mutum damar amsawa a rubuce cikin wa'adin da kundin ya sa, sannan a yanke. Kafin ka sa hannu ka tambayi kanka: da wanda nake shiri da shi ne ya yi wannan, haka zan yi masa? Idan amsar a'a ce, ka yaga takardar.

Gargaɗi: kada ka yanke albashin ƙaramin ma'aikaci a matsayin tara don ka huce. Sashe na 5 na Dokar Ƙwadago ya hana cire tara daga albashi, kuma ko asara ma'aikaci ya jawo da gangan ko da sakaci, sai da rubutaccen izinin jami'in ƙwadago ake cire wani abu. Jimillar abin da ake cirewa a wata ma ba ta wuce kashi ɗaya cikin uku na albashin. Idan magana ta kai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda take zama a Abuja, Kano, Kaduna da wasu biranen, takardar da ke ɗauke da sa hannunka za a fara dubawa.

6. Kai kokenka sama, sau ɗaya, da tsari

Daga littafin mataki na 1, ka zaɓi abu guda wanda maigidanka yake da ikon gyarawa. Guda ɗaya, ba biyar ba. Ka nemi ganinsa a lokacin da ba ya cikin hayaniya, kada ya zama ƙarshen wata ko ranar da baƙi suka zo daga hedikwata. Ka shiga da alƙaluma da kuma abin da kake nema: “Yallabai, mutum bakwai ne suke aikin da mutum goma suke yi bara. Rahoto yana makara kwana uku kowane wata saboda haka. Ina neman ɗaya daga cikin biyu: a ƙara mana mutum ɗaya, ko a mayar da rahoton mako ya zama na mako biyu.” Bayan kun rabu, ka aika masa da gajeren imel mai tuna abin da kuka tattauna da ranar da ya ce zai ba da amsa.

Gargaɗi: kada ka ce “in ba a yi ba zan tafi” sai in da gaske takarda tana aljihunka. Wanda ya yi barazanar tafiya bai tafi ba, an daina jin tsoron rasa shi, kuma an fara neman madadinsa a ɓoye. Haka nan kada ka tsallake maigidanka zuwa na sama da shi kafin ka gwada shi, sai dai in shi ne matsalar kuma abin ya kai cin zarafi, a nan sashen kula da ma'aikata za ka nufa, a rubuce.

Ka ba maganar wata ɗaya zuwa biyu. Amsar da ka samu, ko shirun da aka yi maka, za su shiga lissafin mataki na 9.

7. Kuɗi, kaya da sa hannu

Ƙin aiki yana kawo haɗari iri biyu a nan. Na farko sakaci: an kawo takardu ashirin, ka sa hannu ba ka karanta ba don ka rabu da mai kawowa. Na biyu ya fi muni, wato zuciya ta fara raya maka cewa ai ba sa biyanka haƙƙinka, don haka man motar ofis da ka zuba a taka, ko ɗan rancen da ka ɗauka daga akwatin kashiya da niyyar mayarwa, ba komai ba ne. Komai ne. Amana ce aka ba ka, kuma ƙarancin albashi ba ya halatta ta. A aikace ma, da irin waɗannan ƙananan abubuwa ake kama manajan da ake son a rabu da shi, ya fita ba tare da haƙƙinsa ba kuma da tabo a suna.

Ka tsaya a kan waɗannan: ƙidayar sito aƙalla sau ɗaya a wata, kai da mai kula da sito, ku biyu ku sa hannu. Kuɗin ƙananan buƙatu a daidaita su da rasit kowane mako. Umarnin da ya shafi kuɗi idan an ba ka shi a waya, ka nemi a turo a rubuce, ko kai ka rubuta, “kamar yadda ka umarta ɗazu”, ka aika kafin ka aiwatar. Mabuɗin shiga kwamfutarka kuwa ba ka ba kowa, ko mataimakinka ne, ko da kana gida ba lafiya.

8. Jiki da gida

Ka ɗauki hutunka na shekara cikakke, ka kuma rubuta wanda zai riƙe wurin. Ka sa lokacin da kake daina duba saƙon ofis da dare, ka sanar da mutanenka cewa abin gaggawa a kira ka. Ka riƙa auna hawan jini, domin yana hawa ba tare da ya yi sallama ba. Idan barci ya ƙaurace maka makonni, ko abinci ya fita daga ranka, ko ka daina jin daɗin abubuwan da ka saba so, ka ga likita, wannan ya wuce maganar ofis. Iyalinka kuma su san halin da ake ciki a taƙaice, don kada su ɗauka da su kake fushi.

9. Sa rana, ka yi lissafi

Haƙurin da ba shi da wa'adi shi ne yake zama ɗaci. Ka buɗe kalanda ka zaɓi rana, wata shida daga yau ya isa ga yawancin mutane, ka ce ranar nan zan yanke: zama ko tafiya. Kafin ranar ba ka sake tayar wa kanka da tambayar kowace safiya. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka watannin nan na shiri ne.

Abu na farko, karanta takardar ɗaukarka aiki da kyau. Mutane da yawa suna dogara da wa'adin sanarwa da ke sashe na 11 na Dokar Ƙwadago: kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata uku ba, mako ɗaya har zuwa shekara biyu, mako biyu daga shekara biyu zuwa biyar, wata ɗaya daga shekara biyar zuwa sama. Amma ma'anar “ma'aikaci” a sashe na 91 na dokar ta fitar da masu aikin gudanarwa da zartarwa da ƙwararru. Ke nan kai manaja, abin da ka sa wa hannu ne yake ɗaure ka. A wasu wuraren wata ɗaya ne, a wasu wata uku, ko ka biya albashin watannin a madadinsu. Ma'aikacin gwamnati kuma dokokin aikin gwamnati ne suke hawa kansa. Ka duba ko akwai sharaɗin mayar da kuɗin horo idan ka tafi kafin wani lokaci, ko na hana ka aiki da abokan gogayyar kamfanin.

Na biyu, lissafin gida. Ka tara abin da zai riƙe gidanka wata uku zuwa shida. Idan gidan yana cin naira 300,000 a wata, ana maganar naira 900,000 zuwa 1,800,000 ke nan, ban da kuɗin haya da na makaranta in za su faɗo a tsakanin. Ka haɗa da abin da zai tafi tare da kujerar: inshorar lafiya ta iyali, mota, gida, kuɗin waya. Rancen da ka ci daga kamfani ko ƙungiyar adashin ma'aikata galibi daga haƙƙinka na ƙarshe za a zare shi gaba ɗaya.

Na uku, fansho. Dokar fansho ta 2014 ta sa mai aiki ya zuba aƙalla kashi 10 cikin 100, ma'aikaci kashi 8, kuma a tura kuɗin cikin kwanakin aiki bakwai bayan biyan albashi. Ka duba bayanin asusunka ka tabbatar kowane wata ya shiga. Idan akwai giɓi, ka nemi a cike shi tun kana ciki, domin bin sa daga waje ya fi wuya, ko da yake ana iya kai ƙara ga hukumar kula da fansho ta ƙasa, wato PenCom.

Gargaɗi: kada ka sa kuɗin fansho cikin lissafin abin da za ka ci. Wanda bai kai shekara 50 ba, sai ya yi wata huɗu bai samu wani aikin ba sannan zai iya neman kashi 25 cikin 100 na abin da ke asusun, kuma abin da ya cira daga abincin tsufansa ya cira.

Idan ranar ta zo ka ga zama ya fi, to zama ne da ka zaɓa da idonka a buɗe, ka sa wata ranar bayan wata shida. Idan tafiya ce, sai mataki na gaba.

10. Neman wani aikin da fita

Ka yi nema da wayarka, da imel ɗinka, a lokacinka. Ganawar neman aiki ka ɗauki hutun kwana ɗaya dominta, kada ka ce ba ka da lafiya, garin ƙarami ne. Idan an tambaye ka dalilin barin wurin da kake, ka faɗi abin da kake nema a gaba, ka bar aibin na baya. Kada ka ajiye aiki bisa alkawarin baki, sai takardar ɗauka ta zo hannunka ka karanta sharuɗɗanta.

Maigidanka ne zai fara ji, daga bakinka, sannan takarda ta biyo baya. Takardar layi huɗu ta isa: kana ajiye aiki, ga ranar ƙarshe bisa wa'adin da ke cikin yarjejeniya, ka gode, kuma a shirye kake ka miƙa aiki. Ba wurin zayyana laifin kowa ba ne, domin a fayil za ta zauna shekaru. Ka karɓi kwafin da aka buga wa hatimin karɓa da kwanan wata. Ma'aikatanka kuma su ji daga gare ka bayan kun daidaita da maigida a kan ranar sanarwa.

A cikin wa'adin, jerin mataki na 2 yana nan daram. Ka gama duk takardun haƙƙin mutane da ke teburinka, musamman auna ƙwazo da shawarar ƙarin girma, domin wanda zai gaje ka bai san su ba, kuma shekararsu za ta iya tafiya a banza. Takardar miƙa aiki ta ƙunshi ayyukan da ke tafe da ranakunsu, basussukan da ake bin reshe da waɗanda yake bi, ƙidayar sito da kuɗin hannu na ranar, makullai da na'urori, da matsalolin da ba a warware ba, a faɗe su yadda suke. Ku sa hannu ku biyu, kowa ya riƙe kwafi.

Gargaɗi: kada ka kwafi jerin abokan ciniki, ko farashi, ko wata takardar kamfani zuwa wayarka. Bayanan mutane suna ƙarƙashin dokar kare bayanai ta 2023, sauran kuma yarjejeniyarka ta riƙon sirri ta rufe su. Haka nan kada ka fara zawarcin ma'aikatan wurin zuwa sabon wurinka alhali kana kan kujerar.

Kafin ka fita ranar ƙarshe, ka karɓi takardar shaidar cewa ba a bin ka komai daga sashen kuɗi, da sito, da sashen kula da ma'aikata, da lissafin haƙƙinka na ƙarshe a rubuce, haɗe da kwanakin hutun da ba ka ci ba in yarjejeniya ta ce ana biya. Asusun fanshonka naka ne, ba ka buɗe sabo. Lambarsa da sunan kamfanin da ke kula da shi za ka miƙa wa sabon wurin aiki a makon farko, sannan ka duba bayan wata biyu ka ga kuɗin sun fara shiga.